Anti, mama ta hana ni rubuta labarin soyayya

Tambaya: Slm Anti, dan Allah ki ba ni shawara, ina son rubuta littafin soyayya amma mamana ta ce wai aikin marasa kunya ne, ranar har ta ƙwace littafin da nake rubutu a ciki ta cusa ƙarƙashin katifarta. Daga ƙanwarki a Funtuwa.

Amsa: Wslm ƙanwata, kar ki ja da mama, lallaɓa ta za ki yi. Ki faɗa mata tun 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fitar da littafinta na soyayya So Aljannar Duniya, kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ai labarin matar da miji ya kora ita da 'ya'yanta ne, har a Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012, to ina rashin kunya a nan? Amma gaskiya wasu da ake turawa a WhatsApp yanzu ni kaina ba na iya karantawa gaban yara, ƙila irinsu ta gani. Ki zauna ki karanta mata naki da bakinki bayan isha'i, in ta yarda sai ki gwada Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ke shiryawa.