Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ciwon kai na kulasta da iskar oksijin

Assalamu alaikum ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce makonni biyar ke nan ciwo yana tashin ka daga barci wajen ƙarfe biyu na dare, a bayan idon dama kaɗai, kuma likita ya tabbatar maka cewa ciwon kai na kulasta ne, wato ciwon ɓangaren kai ɗaya mai tsanani da ke zuwa zango-zango, amma da ka nemi a rubuta maka iskar oksijin ta gida sai aka maƙala maka na'urar awo a yatsa, aka ce iskar jininka cike take, ba ka da buƙata. Ka ƙara da cewa an taɓa sa maka ita sau ɗaya a ɗakin gaggawa ta siririn bututun hanci ba ka ji wani canji ba, shi ya sa kake tambaya ko ta cancanci wahalar nema. Shekarata 11 da wannan ciwo, kuma amsata ita ce ta cancanta. Abin da aka sa maka a ranar nan bai isa a kira shi gwaji ba.

Bututun hanci yakan ba da lita 2 zuwa 4 ne a minti ɗaya, kuma kafin iskar ta kai huhu ta gauraye da iskar ɗaki. Wannan ya wadatar ga wanda numfashinsa ya yi ƙasa, amma ba shi ne maganin ciwonmu ba. Abin da ake buƙata shi ne oksijin zalla, lita 12 zuwa 15 a minti, ta takunkumin nan mai jakar leda a ƙasansa wanda ba ya barin mutum ya sake shaƙar abin da ya fitar, na tsawon minti 15 zuwa 20, kana zaune ka ɗan sunkuya gaba. A shekarar 2009 Farfesa Peter Goadsby da abokan aikinsa a Landan suka wallafa binciken da suka gwada lita 12 a minti da irin wannan takunkumi: kashi 78 cikin ɗari na tashin ciwon sun lafa cikin minti 15, alhali da aka ba da iska ta yau da kullum kashi 20 ne kawai suka lafa. Hukumar NICE ta Ingila, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a can, ta sanya wannan cikin jagoran da ta fitar a 2012 kan ciwon kai, har ta ce a tanadar wa majinyaci iskar gida da wadda zai iya fita da ita.

Batun awon yatsa kuwa, a nan ne yawancinmu muke cin karo da bango, kuma ban cika ganin laifin likitocin ba. Kusan mutum ɗaya cikin dubu ne ke da wannan ciwo, sai likita ya shekara bai ga ko ɗaya ba, kuma abin da ya saba da shi shi ne ana ba da oksijin ga wanda ta yi wa ƙaranci a jini. Mu ba ƙarancin iska ke damun mu ba. Tana yi mana aiki ne a matsayin magani mai kwantar da jijiyoyin da suka harzuƙa a gefen ido, don haka ko awon ya nuna 99, bai shafi maganar ba.

Ni sai da na yi shekara huɗu ana ce mini ciwon kogon hanci ne, har aka cire mini lafiyayyen haƙori, kafin wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi: idan ciwon ya taso, kwanciya nake yi ko zirga-zirga? Mai ciwon ɓarin kai yakan nemi duhu ya kwanta shiru, mu kuwa ba ma iya zama wuri ɗaya. Daren farko da na gwada tukunyar iska ba zan manta da shi ba. Idon hagu yana tsiyayar hawaye, fatarsa ta sauko, hancin ɓangaren ya toshe, hannuna yana rawa har na kasa murɗa makullin sai da matata ta karɓa ta buɗe. Na danna takunkumin a fuska da hannu, ina kallon jakar tana cika tana lotsewa. Wajen minti na bakwai sai na ji kamar ana zare ƙusar da aka kafa mini a bayan ido a hankali. Ciwon da ya saba cinye mini awa ɗaya da rabi ya tafi kafin minti 12, muka zauna muna kallon juna ba mai cewa komai.

Shawarata kan hanyar samu ita ce kada ka koma wurin likita da baki kawai. Ka ɗauki littafi ka rubuta kowane tashi: ranar, lokacin da ya fara, mintin da ya ɗauka, ɓangaren da ya kama, da abin da ido da hanci suka yi. Likita yana ganin takarda mai nuna ƙarfe biyu, ƙarfe biyu, ƙarfe biyu da kwata, a jere har mako biyu, zai gane abin da ke gabansa, domin wannan bin agogo yana daga cikin manyan alamomin ciwon. Idan da hali ka nemi a tura ka wurin likitan jijiyoyi. Sannan ka roƙi a rubuta a takardar ƙarara: sunan ciwon, oksijin zalla, adadin lita a minti, da irin takunkumin. Idan aka rubuta "oksijin ta gida" kawai, masu kawowa za su kawo maka abin da suka saba kai wa masu ciwon huhu.

Abin da ya same ni ke nan. Da farko aka kawo mini na'urar nan mai aiki da lantarki wadda ke tace oksijin daga iskar ɗaki. Yawancinsu iyakarsu lita 5 ne, manyan lita 10, kuma abin da suke bayarwa bai kai zalla ba. Na mayar da ita, aka kawo tukunya, sai na tarar kan da ke daidaita gudun iskar bai wuce lita 8 ba, wani mako ya sake tafiya a banza ina tsakiyar zango, wato makonnin da ciwon ke ta tasowa. Ka duba lambobin da ke jikin kan da idonka kafin mai kawowa ya juya. Ka duba takunkumin ma, domin wasu suna zuwa da ramin gefe ɗaya a buɗe, iskar ɗaki tana shiga ta nan.

Sai lissafi, wanda ba wanda ya yi mini. Lita 15 a minti na tsawon minti 15 lita 225 ke nan. Ƙaramar tukunyar da ake ɗauka a hannu mai cin kusan lita 680 ba za ta wuce tashi uku ba, alhali wannan ciwo yana iya tasowa har sau takwas a rana. Saboda haka babbar tukunya nake ajiyewa kusa da gado, ƙarama kuma ta fita, kuma ba na jira babbar ta ƙare kafin in nemi canji. Da zarar ka ji alamar farko, wannan ɗan zafin da ke taruwa a gefen ido, ka tashi ka buɗe, kada ka tsaya jiran ko zai wuce. Idan ya lafa ka ƙara kamar minti biyar kafin ka rufe, domin na lura idan na yi gaggawar cirewa yakan dawo.

Za ka ji wasu suna cewa a yi amfani da tukunyar masu walda tunda ta fi sauƙin samu. Na fahimci abin da ke kai mutum ga haka, amma ba a kula da tsabtar waɗannan tukwane don numfashin ɗan Adam, kuma ni ban yarda in shaƙa ba. Ko ta asibiti ce, tana rura wuta matuƙa: ba a shan taba kusa da ita, ba a kai ta kusa da murhu ko kyandir, ba a taɓa kanta da hannu mai maiƙo, kuma a ɗaure ta kada ta faɗi. Idan kana da daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, lalle ka faɗa wa likita tun farko, domin yawan oksijin yana iya zama haɗari ga masu shi.

Oksijin tana kashe tashin da ya riga ya zo ne, ba ta hana na gobe. Don rigakafi, maganin da aka fi farawa da shi shi ne verapamil, kuma ana auna bugun zuciya kafin a fara da duk lokacin da za a ƙara adadinsa. Tunda yana ɗaukar lokaci kafin ya kama, wani lokaci akan haɗa da prednisolone na 'yan kwanaki ko allura a jijiyar ƙeya. Akwai kuma allurar sumatriptan mai miligiram 6 da ake yi a ƙarƙashin fata, tana aiki da sauri, sai dai ba a wuce biyu cikin awa 24, kuma ba a ba mai ciwon zuciya. Wanda ciwon ke taso masa sau biyar a rana, allura biyu ba ta kai shi ko'ina, a nan ne darajar tukunyar take fitowa. Ƙwayoyin rage zafi na haɗiya kuwa, kafin su narke ciwon ya gama abin da zai yi.

Akwai maganar da ka saka a ƙarshen tambayarka, cewa wani dare ka ji da ma ba ka farka ba. Na san wannan tunani, da yawa daga cikinmu sun san shi. Ka faɗa wa likitanka da wannan lafazin, ka kuma faɗa wa wani na kusa da kai a gida yau ɗin nan. Idan zangon ya wuce, in sha Allahu, ka adana takardar likitan da kan tukunyar da takunkumin wuri ɗaya, domin nawa yakan dawo ne kusan a watan da ya saba a kowace shekara, kuma tun kafin watan ya kama nake sa a cika mini tukwanen biyu.