Gane asalin lakar bakin teku

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce yadda za a gane ko ruɓaɓɓen tsiron da ke cikin lakar da kogi ke zubarwa a bakin teku daga tudu ya zo ko daga ruwan gishiri. Ka auna kabon da naitirojin, ka yi lissafin rabawa, wato adadin kabon a raba da adadin naitirojin. Tsirran tudu kan ba da 20 ko fiye, gansakukar ruwa kuwa tsakanin 4 da 10 take tsayawa. In ka samu liginin, wato sinadarin da ke sa itace ya yi tauri, da yawa a ciki, to galibi kayan tudu ne.

Sai dai kada ka dogara da awon kabon-13 shi kaɗai (wani nau'in kabon ne mai ɗan nauyi da ake aunawa don gane asalin tsiro), nan ne na ga ɗalibai suna ruɗewa. A littafi za ka ga lambar kabon-13 ta tsirran tudu wajen -27, ta teku wajen -21. To amma gero, dawa da yawancin ciyawarmu ta Katsina wajen -13 suke bayarwa. In karansu ya gauraya da ganyen itatuwa masu bayar da wajen -27 a lakar dam ɗin Zobe ko Jibiya, sai lambar ta faɗo daidai ta teku, alhali ruwan ko ɗanɗanon gishiri babu.