Filin Tambaya da Amsa: Mota Ta Tsaya a Hanya, Ba Sifana Ba Filaya

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai kan lalacewar mota a inda ba bakanike ba kayan aiki, na tsinto biyar daga ciki, sauran ku yi haƙuri sai fita ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Muna cikin tafiya allurar zafi ta haye sama, tururi na tashi daga bonet, ashe tiyon lagireto ne ya tsage. Ba komai a but sai safaya taya da jarkar ruwa. Wani ya ce in fasa ɗanyen ƙwai in zuba. Dan Allah ya ake yi? Daga wani direba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, hannunka kada ya kusanci murfin lagireton nan sai injin ya huce, ka ba shi minti 30 ko fiye. Murfin shi ke danne ruwan ciki har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, alhali a buɗe digiri 100 ya ishe shi, to kana murɗewa duk ruwan zai tafasa lokaci guda ya feso maka a fuska. Kuma kada ka kwara ruwan sanyi wa injin da ya ɗau zafi, kan injin yawancin motocin yanzu alminiyom ne, yana iya lanƙwasa ko ya tsage, daga maganar tiyo ka koma maganar gaskit.

In ya huce duba inda ya tsage. In kusa da baki ne ka ci sa'a, sassauta kilif ɗin da bakin wuƙa ko tsabar kuɗi in mai sukuru ne, yanke wajen da ya lalace ka maida ragowar in tsawonsa ya kai. In a tsakiya ne goge shi ya bushe ƙarau, ka samu roba, tsohon tif na taya da aka yanka siriri ba abin da ya kai shi, kana ja da ƙarfi kana naɗawa har ka wuce tsagar gaba da baya, sannan ka ɗaure da waya ko igiyar takalmi. Inda mutane ke ɓata aikin shi ne su gama naɗi mai kyau su rufe murfin gam, tafiya kaɗan matsin ya fasa ɗaurin. Bar murfin sako-sako don kada matsi ya taru, cika ruwa, kashe AC, kunna hita har ƙarshe ka zuge gilasai, ai za ka sha gumi amma hitar nan ƙaramin lagireto ce tana rage wa injin zafi. Tafi a hankali, ido kan allura, kana tsayawa kana ƙara ruwa.

Shi kuwa ƙwai ba ruwansa da tiyo. Wani lokaci yana toshe ɗan tsinin rami a jikin lagireto, amma bai san rami daga hanyar ruwa ba, duk inda ya dahu nan zai toshe. Ni dai ban ba ka shawara ba.

TAMBAYA: Injiniya motata otomatik ce, na murɗa makulli sai ƙas ƙas ƙas kawai take. Wani bawan Allah ya ce zai sa batir ɗinsa a tayar, sannan ya cire tana kunne a maida nawa. Na ƙi yarda, ko na yi daidai? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Hajiya kin yi daidai wallahi. Batir ba tayar da mota kaɗai yake ba, shi ke shanye hauhawar wutar da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ke turowa, in aka cire shi injin na aiki wutar na iya yin tsalle ta ƙona altanetar ko ƙwaƙwalwar motar. A tsofaffin motoci masu kafireto ana yi ana tsira, shi ya sa har yau wasu ke rantsuwa ba komai.

Sau da yawa ma batir ɗin lafiyarsa ƙalau, kansa ne ya saki ko ya yi farin gari. Kama kan ki girgiza, in yana motsi to ga ɓarawon nan. Zuba ruwan zafi ya wanke garin, a kankare, in notin ya ƙi matsewa a yanko ɗan ɓallin gwangwanin alminiyom a cusa tsakanin kan da maƙalarsa. In za a cire, a fara da mai alamar ragi, a maida shi ƙarshe. In kuma an samu wayar jona batir, jar wayar zuwa kan mai alamar tarawa a duka batiran biyu, baƙa daga ragin mai lafiya zuwa ƙarfen jikin injinki nesa da batir, saboda batir na fitar da iskar haidirojin kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Turi kuwa na masu manuwal ne, makulli a kunne, giya lamba 2, a tura a saki kuloci. Taki ko an tura ta har gobe ba za ta tashi ba.

TAMBAYA: Fitilata ta ɗauke da dare, fis ne ya ƙone, na naɗa masa zaren waya ta kawo. In bar shi haka?

AMSA: A'a ɗan'uwa, cire shi yau ɗin nan. Fis an yi shi ne ya mutu don wayoyin mota su rayu, ka sa masa wayar da ba ta ƙonewa, to abin da zai ƙone shi ne wayoyin bayan dashbod. Dabarar da ta fi, ka aro daga abin da ba ka buƙata kamar rediyo, mai lamba ɗaya da shi. Kalar fis ɗin ma tana faɗa maka lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kada ka hau lamba. In aron ma ya ƙone nan take akwai wayar da ke taɓa jiki, sai mai gyaran waya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na ji tsofaffin direbobi na cewa sabulu na toshe tankin mai, kuma ruwan sabulu na maye gurbin man birki. Gaskiya ne?

AMSA: Rabi gaskiya rabi ganganci. Na tanki gaskiya ne, fetur ba ya narkar da sabulu yadda ruwa ke yi, in dutse ya huda tanki ɗan rami sai ka jiƙa sabulun sanda ya yi laushi ka murza a wajen har ya cika, yana riƙewa zuwa gareji in dai ba ka shiga ruwa ba. Injin a kashe, ba sigari, ba ashana don haska ƙarƙashi.

Na birki kuwa kada ka soma. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai ya wuce digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, ruwa ko an sa masa sabulu ko ba a sa ba 100 ne. Da farko za ka taka ka ji ya kama ka ce ai shi ke nan, sai ka shiga gangara birki ya ɗau zafi ruwan ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin. Baƙin mai ma haka, kumbura robobin ciki yake ya kashe su. Kuma man birki ba ya ƙarewa haka kawai, in ya zube akwai inda ya fashe. Wannan, da jar fitilar baƙin mai in ta kama alhali man na nan, ba su da dabarar bakin hanya, a nemi janwe.

TAMBAYA: Ina canza taya notina suka gangara cikin kwalbati, ga jak ɗin ma ya ƙi.

AMSA: Kwance noti ɗaya ɗaya daga sauran tayoyi ukun ka ɗaura wannan da guda uku, a rarrabe ba a jere ba, ka tafi a hankali zuwa inda za ka samu cikon. Na jak kuwa in ƙasa ce mai tonuwa, sassauta notin tukuna, hau da tayar kan dutse ko katako, tara abu mai ƙarfi ƙarƙashin ƙarfen motar kusa da ita, ja birkin hannu ka sa waigi a sauran tayoyin, sannan ka tone ƙarƙashin abin da ka hau har tayar ta rataya. Kai da ƙafa kada su shiga ƙarƙashin motar ko na daƙiƙa ɗaya. In safayarka irin 'yar siririyar nan ce kada ka wuce kilomita 80 a awa, yawanci an rubuta a jikinta.