Ƙwaryar goro da digirin injiniya

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar, kuma sai da na sa ƙanwarka ta karanta mini shi sau biyu, domin idanuna sun daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Ka ce mahaifinka ya samo maka wuri a garejin wani mai gyaran janareto da manyan injina a can Gombe, kuma ya dage sai ya kai ka da ƙafarsa, da goro a hannu, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaida mutumin, a shafa fatiha, kamar yadda ake kai yaro ɗan shekara goma sha biyu koyon sana'a. Kana tambaya ko wannan al'ada ta hau kan wanda ya yi digiri a fannin injiniya, alhali maigidan ko firamare bai gama ba.

Da farko dariya na yi, har Innarku ta leƙo daga madafa tana tambayar abin da ya faru. Daga baya kuma na yi shiru, saboda wannan kalma ta "alhali" da ka sa ta tsaya mini a rai, kuma na san daga inda ta fito.

Ba zan ce ba ka da dalilin ɓacin rai ba. Karatun da aka ce mana shekara biyar ne ya cinye maka bakwai, kuma ina lissafe da su, tun da duk lokacin da malaman jami'a suka tafi yajin aiki a gidan nan kake zuwa ka tare. Wata tara ka yi a 2020, ga annobar korona a kai, sannan ka ƙara wata takwas cif a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ban manta da labarin da ka ba ni na ɗakin koyon aikinku ba, inda cincirindon ɗalibai ke kewaye injin feƙe ƙarfe guda ɗaya wanda ya girme ka, babu wuta, malami yana nuna muku da yatsa inda abu zai juya da a ce yana juyawa. Wata shidan nan na SIWES, wato koyon aiki a masana'anta, da aka ware domin hannunku ya taɓa ƙarfe, ka ce a wani ofis ka ƙarar da su kana sayo wa ma'aikata abinci, a ƙarshe aka sa maka hannu a littafi. Hidimar ƙasa kuma lissafi ka koyar a wata sakandare, ƙarin alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000 bai iso ba sai da ka kusa cire kakin. Yanzu duk sanarwar aikin da ka buɗe ana neman mai gogewar shekaru, kai kuwa babu wanda ya yarda ya ba ka shekarar farko. Duk wannan na sani, kuma yana hana ni barci fiye da yadda kake zato.

Sai dai kafin ka ɗaga kafaɗa da sunan injiniya, ka tuna cewa hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, ba ta yarda a kira mutum da wannan suna ba sai ya yi shekaru yana aiki ta yi masa rajista. Mu ne a gida muke kiranka Injiniya tun kana aji ɗaya, don so da alfahari, kuma ina jin mun yi maka illa da hakan.

Ni ma an kai ni da goro. A 1980 ne, shekarar da gwamnatin Shagari ta kafa jami'ar fasaha ta tarayya a nan Bauchi, wadda a 1988 ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ina ɗan shekara ashirin da biyu, na fito daga makarantar koyon sana'a da takardar City and Guilds, ina ganin babu injin da zai gagare ni a ƙasar nan. Kakanka kuwa maƙeri ne, ka sani, bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Ya sayi goro ƙwarya ɗaya, wato guda ɗari, ya naɗe a ganye cikin algarara, ya tasa ni gaba zuwa garejin wani dattijo mai gyaran manyan motoci. Na sa farar riga na tsuke ta cikin wando, takardata tana cikin ambulan. A hanya na ce masa ni ba yaron gareji ba ne, na zo ne in ƙara gogewa kawai. Bai ko juyo ba, ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka yana nan." Na durƙusa, amma zuciyata a tsaye take. Dattijon ya karɓi goron, ya raba wa na kusa, ya ɓare ɗaya ya ci, bai buɗe ambulan ɗin ba. Wata huɗu na yi ina wanke ƙarafa da kananzir, ina miƙa sufana ga yaran da na girma.

Ana tsakiyar damina wani yaron mota ya zo da yamma, jiƙe sharkaf, ya ce motarsu ta mutu kusa da gadar Dindima, ɗauke da siminti daga Ashaka. A lokacin kamfanin bai fi shekara da fara aiki ba, kuma simintinsa ake rububi, ga Gombe ma tana cikin Jihar Bauchi, sai a 1996 aka raba mu. Maigida yana ƙarƙashin wata mota, manyan yaran duk sun fita, sai ya dube ni ya ce in ɗauki akwatin kaya in je in gani. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Na isa ana yayyafi, kogin Gongola ya cika yana ruri a ƙarƙashin gada, direba yana ta kai da komo yana duba tamfol, domin ka san abin da ruwa ke yi wa siminti. Ya fara gaya mini cewa motar ta yi ta shaƙewa tun daga Alkaleri, bayan ya sha mai a wurin 'yan bumburutu, amma ban saurare shi ba. Na riga na yanke hukunci tun a hanya cewa famfon injekta ne, saboda shi ne babin da na fi ƙwarewa a kai a makaranta, kuma ina so a ga na kwance abu mai wuya. Na kwance bututun nozul duka, na cire famfon gaba ɗaya, ban yi wata alama ba a inda haƙoransa suka haɗu da na injin. Na shimfiɗa buhu a gefen titi na duba, ban ga komai ba. Da na zo mayarwa sai na tarar wani ƙaramin wasa, wato zoben nan da ake sa wa noti, ya faɗa cikin laka, ga duhu ya shigo, ga tayimin, wato daidaiton famfon da injin, ya ɓace mini. Muka yi ta ba ta wuta har batir ya mutu. Direban ya zage ni, ya zagi makarantar da na yi, ya haɗa da wanda ya ƙirƙiro boko.

Wajen ƙarfe goma na dare muka hango fitilar babur. Maigida ne, da yake ya ga ban dawo ba, a bayansa kuma mai kayan da kansa, wani Alhaji da aka sani da zafin rai. Maigida bai ce mini uffan ba. Ya durƙusa a gaban tankin, ya kwance noti na ƙasa, ya tara tafin hannunsa, ya haska da tocila, sai ga ruwa yana fitowa kafin man gas. Man da direba ya saya gauraye yake da ruwa, ya cika filta, iska ta shiga layin. Aikin minti ashirin ne: a zubar da ruwan, a wanke filta, a sassauta notin iska a yi ta buga ƙaramin famfon hannu har kumfa ta ƙare. Ni kuwa na mayar da shi aikin kwana. Sai da maigida ya juya injin da hannu a hankali, ya nemo alamar da ke jikin fulawil, ya daidaita silinda ta farko, ya yanko wani wasan daga abin da ke aljihunsa, aka jira wata mota ta zo aka ara batir. Ana kiran assalatu a ƙauyen motar ta tashi. Buhu goma sha ɗaya ruwa ya taɓa.

Alhajin ya juyo kaina, yana cewa sai an kai ni ofishin 'yan sanda, sai ubana ya biya. A nan ne dattijon nan, wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba, ya shiga tsakaninmu yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, ba ka da magana da yaron nan. Ni na aiko shi, kuma na ci goron ubansa. Ka lissafa simintinka ka zo gareji." Ya biya kuɗin nan daga aljihunsa, bai taɓa cire ko kwabo daga abin da yake ba ni ba, kuma har ya rasu bai gaya wa kakanka ba. Ni ne na kai kaina na faɗa. Tsohon yana zuga zugazugi, ya saurare ni har na gama, ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sannan ya ƙara da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma shi ya sa ba ya kai ɗansa wurin mutum hannu rabbana. A ganinsu, wanda ya karɓi goron nan a gaban shaidu ya ɗauki cinka da kunyarka da ɓarnarka, ba zai ɓoye maka sirrin sana'a ba, ba zai kore ka don kuskure ba, kuma ranar da ya yaye ka shi zai haɗa maka kayan aiki ya nuna ka ga masu kawo gyara.

Kada ka ɗauka ina nufin takardarka banza ce. Bayan wannan dare da 'yan watanni aka fara kawo mana sababbin motocin Steyr da ake haɗawa a nan Bauchi, da littattafansu na Turanci. Wata rana bayan kowa ya watse maigida ya kira ni, ya miƙo mini littafin, ya ce in karanta masa ƙarfin da ake ɗaure notin kan silinda da shi da kuma jerin da ake bi, domin ya gaji da ƙona gasket. Daga ranar muka zama ni ne idonsa a takarda, shi ne kunnena a inji. Amma ka lura, sai da ya ga na sauko sannan ya nuna mini inda shi ma yake da rauni. Wannan mutumin na Gombe, ina tabbatar maka, yana fama da sababbin janareto masu allon kwamfuta da na'urorin sola da ke zuwa da lambobin da bai iya karantawa ba, kuma yana bukatarka, sai dai ba zai faɗa wa wanda ya shigo masa da takalmi ba.

Abin da ke damuna shi ne, laifin ba naku ba ne ku kaɗai. A zamaninmu ana haɗa Peugeot a Kaduna, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, jirgin ƙasa yana ratsa Bauchi da Gombe har Maiduguri tun 1964, kuma duk wanda ya iya riƙe sufana ana nemansa kafin ya gama makaranta. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu naira ta faɗi, muna ji muna gani masana'antun nan suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Madatsar Dadin Kowa da ke kusa da ku an gina ta tun shekarun 1980, amma wutar megawat 40 da aka tsara za ta bayar sai da aka jira ta sama da shekara talatin. Duk da haka muka ci gaba da tura ku jami'a muna yi muku alkawarin ofis da mota, muka raina maƙera da gareji waɗanda suka ciyar da mu. Ni kaina maƙerar kakanka da hannuna na rushe ta na yi shago, uwar maƙerar tana nan a bayan ɗaki kaji suna hawa. Idan na ga yaro ya yi shekara bakwai yana karanta yadda zafi ke tafiya cikin ƙarfe amma bai taɓa ƙonewa a yatsa ba, ba shi nake jin haushi ba.

Amma ku ma kuna da naku. Magana irin wannan, a da, mutum yakan hau mota ya zo ya zauna a zaure ya faɗe ta, ba ya turo ta a waya tsakanin hoton ɗaurin aure da bidiyon ƙwallo ba. Kuma na ji ka rubuta "mutumin" har sau uku, ba ka ce maigida ko sau ɗaya ba. Ko goron nan dole ne ko ba dole ba ne, ni ba malami ba ne, ban kuma taɓa jin an ce wanda bai kai ba ya yi zunubi. Na dai san yara da yawa da suka shiga gareji da yarjejeniyar baki da lambar waya, kuma na ga yadda rabuwarsu ta kasance ranar da aka fasa wani abu mai tsada.

Ka gaya wa mahaifinka kada ya sayi goron tukuna. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan shigo motar safe, kuma zan biya kasuwar Wunti in zaɓo fari mai kyau da kaina, domin shi bai taɓa iya zaɓen goro ba tun muna yara. Akwai kuma sufana guda uku da maigidana ya ba ni ranar da ya yaye ni a 1984, zan duba ko tsatsa ta bar su. Farar rigar nan da ka sa ranar bikin kammala karatu, ka bar ta a akwati. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata Innarku tana tambayar daddawar da ta yi mata alkawari.

Baffanka, daga Bauchi.