Tambayoyinku: me mai tallafi zai saya a farkon wasa, kuma ina zai tsaya?

Saƙonnin da suka shigo wannan makon kusan duk a kan matsayi ɗaya suke, wato mai tallafi, wanda 'yan wasa ke kira sapot ko roma. Na zaɓi huɗu. Uku daga masu buga Mobile Legends a waya, ɗaya daga mai buga Dota 2 a kwamfuta.

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Duk sanda na shiga wasan neman matsayi a Mobile Legends, kafin in ƙifta ido kowa ya zaɓi nasa, a bar ni da roma. In na sayi takalmin roma, sai minti biyar ta wuce ni ne matalaucin tim, kowa da kaya ni ba komai. Abokina ya ce in daina sayen takalmin, in tsaya layin gwal in riƙa cin sojoji tare da maharbi har in yi ƙarfi. In bi shawararsa? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bi. Abokinka yana son ka da alheri, amma bai duba yadda kuɗi ke tafiya a wasan ba.

A Mobile Legends, in ƙaramin sojan abokan gaba ya mutu, ana raba gwal ɗinsa da makin girma tsakanin duk 'yan gidan da ke kusa. Ka ga ke nan in ka tsaya gefen maharbi ba takalmin roma, ka zama abokin cin tuwonsa. Shi kuwa maharbi, ko Layla ce ko Miya, ba shi da wani amfani sai ya haɗa kaya biyu zuwa uku. Ka jinkirta shi, kai ma ba ka ƙoshi ba. Takalmin roma maganin wannan yake yi: a mintunan farko ba ka taɓa rabon wanda kake kusa da shi, sai wasan ya riƙa ɗiga maka naka kuɗin daban, kaɗan kaɗan. Talaucin da kake gani da gangan aka tsara shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka matsayin yake, kuma na san ba daɗi. Sai dai in gardin ya yi kuɗi, tare za ku ci tauraron nasarar da ke ɗaga matsayi.

To tunda ba noma kake ba, me za ka yi da waɗannan mintuna? Jarinka ƙafa ne da ido. Wasan ba shi da fitilar da ake dasawa don gano motsin abokan gaba kamar yadda ake yi a Dota ko League of Legends, don haka jikinka ne fitilar tim. Da an fara, raka ɗan tsakiya ya share sahun farko, idonka na kan dajinku kada a zo a sace wa ɗan daji dodonsa. Daga nan ka kama ciyawar bakin rafi. Duk wanda ya fito daga tsakiya zai gangara wani layi, ta gabanka zai bi, kai kuma ka danna alama. Alamar nan ɗaya ta sha ceton maharbi fiye da duk wani duka da za ka kai.

Kunkuru na farko, dodon da tim biyu ke rububin kashewa, yana fitowa a minti na 2, ta ɓangaren layin EXP, wato layin makin girma. Kada ka bari sai ya fito sannan ka taso daga can layin gwal. Ka riga shi zuwa da daƙiƙa ashirin ko fiye, ka shiga ciyawar da abokan gaba za su biyo, ka tare hanya. Ba aikinka ba ne dukan kunkuru, wannan na ɗan daji ne da Retribution ɗinsa, makamin da yake ƙarasa dodanni da shi. Aikinka ka hana ɗan dajin can ƙarasowa. Ka kuma duba ko ka kai mataki na 4, domin a nan babban makaminka ke buɗewa. Tigreal ɗin da bai kai 4 ba ya faɗa cikin mutum uku, sadaka ya kai musu.

Wani abu da sababbin roma ke yi yana ba ni takaici: a ce musu su leƙa ciyawa, sai su cusa kai gaba ɗaya. Ƙirga kawunan da ke kan taswira tukuna. In uku ba sa nan, ka ɗauka suna cikin ciyawar da ke gabanka. Jefa makami daga nesa ka gani.

Sai maganar saye. Takalmin roma yana da albarka iri huɗu da za ka zaɓa. Conceal yana ɓoye ku na ɗan lokaci ku faɗa wa mutane ba shiri, ya dace da Tigreal da Atlas. Favor na masu warkarwa ne irin su Estes da Rafaela. Encourage yana ƙara wa na kusa da kai ƙarfin duka, ka ɗauke shi in tim ɗinku masu duka ne a jere. Dire Hit na masu farautar mutum ɗaya ne, yana ƙarasa wanda jininsa ya yi ƙasa. Kamfanin Moonton, mai wasan, yana taɓa lambobin nan lokaci zuwa lokaci, saboda haka bayan kowane sabon sabuntawa ka buɗe shago ka karanta bayanin da idonka.

Kayan farko bayan takalmi kuwa, tunda kuɗinka kaɗan ne, ba ka da damar yin kuskure. Kada ka danna abin da wasan ya jera maka kawai. Dubi waɗanda kuke karawa. Akwai Estes, Uranus, Esmeralda ko Ruby, masu mayar da jini? Dominance Ice, ba jira. Matsafinsu irin Eudora ce mai kashe mutum a bugu ɗaya? Athena's Shield. Mayaƙansu ne ke cutar ku da makaman ƙarfi? Antique Cuirass. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi. Na sha ganin roma ya ƙare wasa da kayan kare tsafi alhali duk abokan gaba da takobi da kibiya suke duka.

Tambaya: Yaya ina wuni. Da ƙyar na tara BP 32,000, kuɗin cikin wasa na sayen jarumi, kusan wata biyu ina tarawa. Ina tsakanin Estes, Angela da Franco. Yawanci ni kaɗai nake shiga, sai wani lokaci da ƙanena in ya dawo daga makaranta. Wanne zan saya? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Lafiya lau ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Fara cire Franco. Na san daɗin kallonsa, ƙugiya ta fita ta fizgo mutum daga ƙarƙashin hasumiyarsa. Amma duk amfaninsa a farkon wasa a kan ƙugiyar nan yake, ita kuma tana son hannu da ya saba da sabis mai kyau. In waya ta ɗan tsaya rabin daƙiƙa, kin jefa a iska. Franco da ke kuskure, tim ɗinsa mutum huɗu ne da ɗan kallo.

Angela kuma darajarta tana hannun wanda ta hau. Babban makaminta yana kai ta jikin duk ɗan gidan da ta zaɓa a ko'ina yake a taswira, ta ba shi garkuwa. Ke da ƙanenki kuna zaune ɗaki ɗaya, yana cewa "Yaya hau ni yanzu", babu kamarta. Da baƙi kuwa, za ki hau mutum, shi kuma da ya ga garkuwa sai ya ji ya zama jarumi, ya ruga da ke cikin mutum biyar, ku mutu tare.

Tunda kin ce yawanci ke kaɗai ce, Estes zan ce. Aikinsa a fili yake, yana warkarwa, kuma ko baƙi da sun gan shi suna matsowa kusa da kansu. Lahaninsa biyu: ba shi da hanyar gudu, kuma kayan rage warkarwa suna karya shi. Saboda haka ki tsaya bayan wani, ki ɗauki Flicker, makamin da ke tsallakar da ke ɗan nesa a ƙiftawar ido. Ki kuma sani daga matakin Epic ake fara hana jarumai kafin wasa, Estes na cikin waɗanda ake yawan hanawa. Kada ki dogara da shi kaɗai. Tigreal da Rafaela ba su kai rabin wannan kuɗin ba, ki tabbata kina da su kuma kin iya su.

Tambaya: Malam, ina da 'yan kuɗi da na ajiye. In sayi riga mai tsada wa Tigreal ɗina? An ce tana ƙara ƙarfi. Akwai kuma wani da ke sayar da dayamon da araha, ya ce in turo masa bayanan shiga asusuna ya zuba mini. Daga wani mai gyaran waya a Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, rigar tana da ɗan ƙarin da take yi, amma bai taka kara ya karya ba, kuma mai tsada da mai araha ƙarin ɗaya ne. In don kwalliya kake so kuma kuɗin naka ne, saya, ba laifi. In don cin wasa ne, gara ka zuba kuɗin a data mai kyau. Ni da kaina na taɓa danna Flicker zan kwashe mutum huɗu da Tigreal, sabis ya ɗauke, ya dawo na tarar da gawata a gaban Lord, babban dodon wasan. Rigar da ke jikina ranar ba ƙaramar riga ba ce.

Shi kuma mai dayamon, kada ka ba shi komai. Sayen dayamon na gaskiya lambar ɗan wasa da lambar saba, wato server, kawai yake buƙata, ba kalmar sirri ba. Kai da ke gyaran waya ai ka san ƙarshen irin wannan labari. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tambaya: Barka da aiki Yaya. Na fara Dota 2 a kwamfutar yayana. Ina buga lamba biyar, wato mai tallafi, da Crystal Maiden. Ina sayen takalmi da kuɗin farko don in yi sauri, amma ana ta zagina wai ban iya ba, wai ina lalata layi. Me zan saya, me nake lalatawa? Daga wani ɗalibin jami'a a Zariya.

Amsa: Ƙanena, ka shigo wasa mai wuya, kuma mutanensa ba su da haƙuri. Rufe bakin masu zagi a cikin wasan, akwai maɓallinsa, sannan mu yi magana.

Kana farawa da gwal 600. Takalmi 500 ne. Ka saye shi, ka fito layi da ɗari, ba magani ba komai, ɗan gaba ya buge ka sau uku ka koma gida da ƙafa. Kuɗin farkon lamba biyar na abubuwan da ke ƙarewa ne: Tango mai mayar da jini, har ka ba ɗan tsakiya ko mai nomanka, wato wanda kake tsare wa layi ya tara gwal, in ya buƙata, Sentry Ward, fitilar tona fitilun abokan gaba, ɗaya ko biyu a kan 50 kowace, maganin jini, da 'yan rassan Iron Branch. Observer Ward, fitilar ganin motsin abokan gaba, kyauta ce, amma adadinta a shago ƙayyadadde ne, kuma minti 6 take yi ta mutu. In ta zauna a shago ba wanda ya ɗauka, laifinka ne.

Lalata layin da suke faɗa kuwa, ina zargin kana dukan sojojin abokan gaba. A Dota wanda ya yi bugun ƙarshe shi ke cin gwal, kuma duk dukan da ka ƙara yana tura layi zuwa hasumiyar can, inda mai nomanka zai zama nama. Bar sojojinsu. Naka aikin ka dami ɗan gaba da duka daga gefen itatuwa, nesa da sojojinsa don kada su juyo kanka, ka kuma kashe naku sojan in jininsa ya yi ƙasa don ka hana shi ci.

In layin ya riga ya tafi can, sai ja. Sojoji suna fitowa duk daƙiƙa 30. Wajen daƙiƙa ta 15 ko ta 45, ka bugi dabbobin ƙaramin sansanin da ke kusa da layinku, ka gudu da su zuwa hanya, sojojinku su bi su daji. Layi zai dawo kusa da hasumiyarku. Amma a nan sababbi ke faɗawa rami: in dabbobin kaɗan ne, sojojinku za su cinye su su fito da rai, su haɗu da sahu na gaba, layin ya ƙara tafiya fiye da da. Maganinsa ka tara sansanin tukuna. Dabbobin daji suna sake fitowa kan kowane minti in wurinsu babu kowa, don haka wajen daƙiƙa ta 53 zuwa 55 ka ja su waje, in minti ya cika wasu su fito a kansu. In kuma ka ga minti ya cika sansanin wayam, an dasa maka fitila a ciki ne don a toshe shi. Ga amfanin Sentry ɗin da ka saya.

Bayan haka sai takalmi, da Magic Stick in kana karawa da mai yawan jefa makami irin Bristleback. Kada aljihunka ya rabu da takardar komawa gida, domin da ita za ka faɗa wani layi in an tare ɗan gidanku a ƙarƙashin hasumiya. Babban kaya na farko ya zama Glimmer Cape ko Force Staff. Aghanim's Scepter 4,200 ne, da kuɗin lamba biyar kafin ka haɗa shi an rushe muku gida.

Kuɗin aljihu kam ba sai ka kashe ba, Valve, kamfanin da ya yi wasan, ta bar duk jaruman Dota 2 kyauta. Abin da za ka duba kafin ka nemi wasa shi ne jinkirin sabis. Wasan yana nuna lambar kowace saba, kwatanta ta Yammacin Turai da ta Afirka ta Kudu a kan layinka, ka zaɓi wadda lambarta ta fi ƙanƙanta. Crystal Maiden tana cikin masu tafiyar hawainiya a wasan, in aka haɗa mata da jinkirin sabis ko takalmin ma ba zai fitar da ita ba.