Muƙamuƙina ya ƙi buɗuwa, wai sai na yi hoton em-ar-ai?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman ƙarin bayani. Ni mace ce shekarata 29, na daɗe duk sanda na buɗe baki sosai ko ina tauna sai inji ƙas a gefen kunnena na dama, da farko ba ciwo sai ƙarar kawai, to kwanan nan kuma ƙarar ta ɗauke sai bakin ya ƙi buɗuwa sosai, hamma ma da ƙyar nake yi ga ciwo har cikin kunne. An duba kunnen ance lafiya lau, likitan haƙori yasa nayi hoton ƙashi shima yace bai ga komai ba, yanzu kuma wai sai nayi em-ar-ai. Tunda hoton farko bai nuna komai ba wannan me zai nuna? Kuma wlh tsoron shiga injin nan nake. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Sa yatsanki a gaban kunne ki buɗe baki ki rufe, wannan abin da kika ji yana motsi shine gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai na guringuntsi, aikinsa ya hana ƙashi gogar ƙashi, kuma duk sanda kika buɗe baki tare suke tafiya gaba da kan ƙashin, in kin rufe su koma tare. To wani lokacin jijiyoyin da ke riƙe da faifan sai su saki ya zame gaba, idan mutum ya buɗe baki sai kan ƙashin ya yi tsalle ya koma ƙarƙashinsa, wannan tsallen ne ƙas ɗin da kike ji. In abin ya yi nisa sai faifan ya daina komawa kwata-kwata, ya tsaya a gaba ya tare hanya, daga nan ƙara ta ɗauke baki kuma ya cije. Kinga labarinki ya yi kama da wannan sosai, amma dai ni ban duba ki ba, likitan da ya taɓa wurin ya fi ni sani.

Dalilin da yasa hoton farko bai nuna komai ba kuwa, eksire ƙashi yake gani, shi kuma faifan nan ba ƙashi bane, ko ya zame ko yana wurinsa hoton duk ɗaya zai fito. Em-ar-ai aikinsa daban ne, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, yawanci Tesla 1.5 ko 3 (Tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), da igiyoyin rediyo, yana bin ruwan da ke cikin naman jiki ya zana hoto, shi yasa yake fito da faifan da tsoka da duk wani abu mai laushi, kuma babu hasken nan na eksire da ake gudun yawansa. Hoton iri biyu ake ɗauka, ɗaya baki a rufe ɗaya a buɗe, zasu sa miki wani ɗan abu tsakanin haƙora ki riƙe don kada bakin ya motsa. A na rufen ake ganin ko faifan ya zame, a na buɗen ake ganin ko yana komawa ko baya komawa, wanda shine ainihin abin da ake son sani a kanki. Yakan nuna ruwa in ya taru a gaɓar saboda kumburi, da alamun amosanin gaɓɓai, kodayake in sidewar ƙashin ake son gani dalla-dalla siti sikan, wato hoton eksire da kwamfuta ke haɗawa, ya fi shi.

Amma bari in faɗa miki ra'ayina, don na san da yawa cikin masu karanta wannan amsa, ƙarar kawai suke ji. Wanda muƙamuƙinsa ke ƙas ba ciwo ba cijewa, bana ganin yana buƙatar wannan hoton, ba ma ya buƙatar magani. An ɗauki mutane lafiyayyu da ba abin da ke damunsu aka yi musu em-ar-ai, aka samu kusan mutum 1 cikin 3 faifansu a zame yake kuma suna cin abincinsu lafiya lau. Ga shi kuma da yawan ciwon muƙamuƙi daga tsokar tauna yake, irin na masu cije haƙora cikin barci ko lokacin damuwa, wannan kuwa hoton zai iya fitowa fes alhali mutum na shan azaba. Saboda haka in takarda ta fito da dogon rubutu kada hankalinki ya tashi, likita zai haɗa ta ne da abin da ya gani a jikinki kafin ya ce komai. Naki dai da hujja aka nema tunda baki ya cije. Lafiyayyen baki yana buɗuwa milimita 40 zuwa 50, wajen yatsu uku a jere kenan, gwada naki ki gani, kuma ki duba madubi ko haɓarki na karkata dama in kin buɗe, ki faɗa wa likitan.

Maganar tsoro, ba allura yawanci sai in ana zargin kumburi ko ƙari, ba zafi, kwanciya ce ta minti 30 zuwa 45. Ƙara ce dai ba kaɗan ba, zasu baki abin toshe kunne da wata 'yar roba a hannu da zaki matsa in kina so a tsaya, kuma suna jin maganarki. In ke mai tsoron matsatsen wuri ce ki faɗa tun kafin ranar, akwai maganin kwantar da hankali da ake bayarwa. In kina da ciki ko kina zargi shima ki faɗa.

Kafin nan ki rage wa gaɓar aiki, abinci mai laushi a yanka ƙanana, a bar cingam, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in hamma ta zo ki tallafe haɓa, kuma dan Allah kada ki ce zaki ɓanɓare bakin da ƙarfi. Mafi yawa da irin wannan suke samun sauƙi, sai maganin rage kumburi da motsa muƙamuƙi yadda masu gashin ƙashi zasu koya miki da robar haƙori ta dare in kina cije haƙora cikin barci. In ya ƙi akwai wanke gaɓar da allura, tiyata kuwa kaɗan ne ake kaiwa gare ta.

Tambaya: Likita ni kuma ƙarfen jera haƙora ne a bakina ga ciko guda biyu, ance injin na fizgar ƙarfe, ba zai tumɓuke min haƙora ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: A'a ɗan'uwa, haƙoranka na nan daram. Ciko ba matsala bane, ƙarfen jera haƙora kuma abin da yake yi shine ɓata hoton, musamman da yake kusa da inda ake son gani, shi yasa wani lokaci akan ce likitan haƙorinka ya cire wayar tukuna. Waɗanda ake tsananta bincike a kansu su ne mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai na'urar ji da aka dasa a kunne, wanda aka sa wa ɗan ƙarfe a jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, da wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa kamar masu walda. Akwai fom da zasu baka kafin ka shiga, ka rubuta duk wani ƙarfe da ke jikinka ko na shekara 20 ne, waya da makulli da katin banki kuma a waje ake barinsu.