Google ya ƙi buɗewa a rautar gida, amma WhatsApp na tafiya

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, kwana biyun nan Google ya ƙi buɗewa a gidanmu. Da na shiga sai shafin ya yi ta juyi, can ya ce ba a samu shafin ba. Haka yake a kwamfutata, haka ma a wayar 'yata, muddin muna kan rautar gida. Amma saƙonnin WhatsApp na shigowa lafiya lau. Idan 'yar ta kashe Wi-Fi ta kunna datar layinta, nan take Google ya buɗe. Wani mai gyara ya ce bairos ne, in kawo kwamfutar ya wanke ta gaba ɗaya. Jarrabawar ɗalibaina da sakamakonsu duk suna ciki. Me zan yi?

Malamar makaranta, Tudun Wada, Zariya.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki kai kwamfutar nan ko'ina, kada kuma ki bari a goge miki komai. Amsar tana cikin wasiƙarki: wayar da ta ƙi buɗe Google a kan rauta ta buɗe shi da datar layi. Ashe wayar lafiyarta ƙalau, Google ma lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin da ke ba ta intanet. Mai gyaran nan bai ko tambaye ki ba, ya yanke hukunci. Ni dai irin wannan gaggawar ba ta burge ni.

Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ki cire rautar daga wuta, idan mai batir ce ki kashe ta, ki bari minti ɗaya ya wuce, sannan ki kunna. Sai ki duba datar da ke kan layin cikinta. Kamfanonin waya a Najeriya suna sayar da data ta sada zumunta zalla, wadda ke buɗe irin su WhatsApp da Facebook kawai. Yakan faru datar wata ta ƙare, irin wannan ce ta rage, ko kuma yaron da aka aika sayen data ya ga mai araha ya danna ta. Alamarta ita ce daidai abin da kika faɗa. Ki gwada buɗe Bing, wani shafin bincike irin Google, ko shafin BBC Hausa. Idan su ma sun ƙi, to ba Google ne kaɗai ba.

Idan data tana nan cikakkiya, abin da na fi zargi shi ne DNS. Kwamfuta ba ta san sunan google.com ba, lamba ta sani. Kamar wayarki ce: kina danna sunan mutum, ita kuwa lambarsa take kira. DNS shi ne mai fassara sunan zuwa lamba, kuma rautarki tana amfani da na kamfanin layinta ne. Ranar da nasu ya yi nauyi ko ya tsaya, intanet na nan, amma burauza ta rasa inda za ta nufa. Manhajar saƙo kuwa sau da yawa takan ci gaba da aiki ta hanyar da ta riga ta kama, shi ya sa kike ganin saƙonni suna shigowa kina mamaki.

Maganinsa shi ne ki sauya mai fassarar. Akwai na Google, 8.8.8.8 da 8.8.4.4, wanda yake aiki tun 2009, akwai kuma na Cloudflare, 1.1.1.1, da aka buɗe a 2018. Duka kyauta ne. A wayar Android daga ta 9 zuwa sama, ki shiga saiti, ki rubuta Private DNS a wurin bincike, ki zaɓi wurin da ake sa suna, ki rubuta dns.google, ki adana. A Windows, ki shiga saitin Wi-Fi ɗin da kike kai, ki nemi inda aka rubuta DNS, ki mayar da shi na sawa da hannu a ƙarƙashin IPv4, ki zuba lambobin Google guda biyun. Bayan nan ki buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta wa Windows umarni, ki rubuta ipconfig /flushdns don kwamfutar ta manta da tsofaffin lambobin da ta riƙe. Ana iya yin sauyin a cikin rautar kanta, kowa a gidan ya huta, ta adireshin da ke manne a ƙasanta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Sai dai da yawa daga cikin ƙananan rautocin aljihu da ake kira MiFi ba su ba da wannan dama.

Abu biyu kuma a gurguje. Idan akwai VPN a na'urorin, wato manhajar da ke bi da intanet ta wata hanya daban don a tsallake toshewa, ki kashe shi. Tun rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mutane suka ɗura shi, wasu har yau yana nan yana jan ƙafa. Sannan ki dubi agogon kwamfutar. Idan ya koma wata shekara can baya, burauza za ta ƙi yarda da takardar shaidar tsaron Google. Ƙaramin batirin cikin kwamfuta, mai faɗin kwabo, shi ke mutuwa ya jawo haka.

Wani lokaci kuwa ba daga gidanki ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabta suka wuni cikin tangarɗa. Don haka ki tambayi maƙwabciya mai layi irin naki kafin ki wahalar da kanki.

Akwai ɗan rami a bayan rauta da ake tura tsinke a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kada ki taɓa shi tukuna, don zai share sunan Wi-Fi da lambar sirrin da kuka sa. Idan duk an gwada ba a dace ba, ki kira kamfanin layin, ki gaya musu Google na buɗewa a wani layi amma ba ya buɗewa a nasu. Fayilolin ɗaliban nan kuwa, Malama, ki kwafe su a filas yau ɗin nan.